Sallar Musye Abdu Babu Mai Babu Gishiri

Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka in na ba da labarin nan ba gulma na yi ba. A gabansa ma ina bayarwa, sai dai ya miƙe ya ce zai je alwala.

Sunansa Abdurrahim, amma duk New Bell Musye Abdu ake ce masa, saboda ya yi boko na Faransanci kuma ba ya fita sai da laƙtaye. Akawu ne a wani ofishin gwamnati a Bonanjo. Aikinsa buga hatimi da rubuta takardun da suka shigo a cikin wani ƙaton littafi. Amma in ka ji shi a majalisar ƙofar masallaci, sai ka rantse ranar da bai je aiki ba jiragen ruwa ba sa shigowa Douala.

A shekarar da kris, wato matsin tattalin arziki, ta kai mana wuya, aka yanke albashi sau biyu, darajar kuɗinmu sefa kuma ta faɗi, ba hatimin Yaya ke riƙe da gidanmu ba, ludayin matarsa ne. Zaituna mai girkin biki ce. A unguwarmu kowace mace tana da alamarta a gindin kwano, ta Zaituna ɗigo uku ne na jan fenti, kuma ko makaho ya san ta. Ran Sallar layya mata kan aika wa juna abinci, to kwanon Zaituna na wannan rana shi ne tallanta na shekara. A bana ɗin nan biki ɗaya ne babba ya rage a unguwa, auren ɗan Hajja Mardiya, matar dillalin shanu, sati uku bayan Sallah. Hajja ta faɗa a bainar mata cewa tsakanin Zaituna da wata mai girkin, Hawa'u ta unguwar Nkololoun, kwanon Sallah ne zai raba gardama. Mu duka mun san in aikin nan ya kuɓuce, da busasshen rogo za mu ƙarasa damina.

Ana saura wata guda Sallah, Yaya ya je asibiti da ciwon kai. Likita ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya ce jininsa ya ɗan hau, ya rage mai da gishiri, ya ba shi wata 'yar takarda mai shafi huɗu. Rage fa aka ce masa. Kafin tasi ta sauke shi a bakin layinmu ya riga ya zama likita.

"Guba muke ci a gidan nan," in ji shi, yana suɗe kwano. "Kolesterol zai gama da mu."

Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Wane ne kuma shi? A ofishinku yake?"

"Inna, kitse ne da ke toshe jijiya. Bana ni zan yi girkin Sallah. Babu suya, babu mai, babu gishiri. À la vapeur, da tururi kawai. Unguwar nan za ta ga yadda masu ilimi ke cin rago."

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta juyo wajena ta ce, "Rabi'atu, mutumin nan ya taɓa dafa ko ruwan shayi?"

Na ce, "Sau ɗaya, Inna. Butar ce ba ta rayu ba."

Ana saura kwana biyu Sallah ya tafi kasuwar tumaki tare da Awalu, abokinsa tun na makaranta, wanda aka sallama daga aiki ya koma jan bensikin, wato babur na haya. Awalu ne ya ba ni labarin abin da ya faru can. Kowa na tattaɓa gadon bayan rago yana neman mai ƙiba, Yaya ya tsaya gaban wani Bafulatani mai suna Ɓoɓɓo ya ce, "Ba na son kitse. Nuna min wanda ba shi da kitse ko kaɗan."

Ɓoɓɓo ya dube shi, ya dubi Awalu don ya tabbatar ba tsokanarsa ake yi ba. Sai ya zaga bayan garke ya jawo wani rago da ya yi sati biyu yana neman yadda zai rabu da shi.

"Wannan, Musye, tun daga Ngaundere bai yarda ya ci abu mai nauyi ba."

"Voilà," in ji Yaya. "Rago mai hankali ke nan."

Da aka sauke ragon a ƙofar gida, abin da ya fara yi shi ne neman bango ya jingina. Maƙwabta suka taru. Wani ya ce akuya ce aka yi wa ƙaho, wani ya ce a'a, shanya ce aka rufa wa fata. Maganar ta kai kunnen Liman, Malam Yusufa, ya zo da kansa, don rago in ya cika ramewa layya ba ta inganta da shi.

"Ku janye shi daga bango mu gani," in ji Liman.

Aka janye shi. Ragon ya yi gaba, ya yi baya, ya tsaya. Liman ya matsa cinyarsa, ya duba haƙori.

"Ya tsallake. Amma ku kiyaye shi da iska har jibi."

Yaya ya ce, "Malam, naman jiki ne zalla. A Turai irinsa ake nema da fitila."

"To, Allah ya sa ya kai," in ji Liman.

Ran jajibere Yaya ya shiga madafa kamar ɗan kwastan. Ya kwashe man gyaɗa, da jarkar manja, da gishiri, da dunƙule, ya kai ɗakinsa ya zuba a kabad ɗin da yake rataye kwat-kwat ɗinsa, ya kulle, ya sa makulli a aljihu. Zaituna tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Baban Ikhlas, ragonka ne, ka dafa shi da ruwan sama ma in ka ga dama. Abu biyu nake roƙonka. Ka bar min cinya ɗaya ɗanya, in na dawo in yi wa Hajja Mardiya nata. Kuma kada ka taɓa kwanukana."

"Madam, ke matsalarki ba ki yarda da kimiyya ba."

"Na yarda da ita. Cinya ɗaya, da kwanukana."

"An ji," in ji shi, irin an jin da yake ce wa masu zuwa neman takarda a ofis.

Zaituna ba ta da yadda za ta yi. Mahaifinta tsoho ne a Nkololoun, shi kaɗai tun rasuwar matarsa, bana ma bai samu yin layya ba, kuma kowace Sallah ita ke zuwa da safe ta dafa masa abin da zai ci. Ana saukowa daga idi ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Aka yanka rago, mahauci ya feɗe. Ɗan kitsen da aka samu, wanda bai cika tafin hannu ba, Yaya ya sa aka cire ya ba mahaucin kyauta. Inna ta bi kitsen nan da ido har ƙofar gida. Daga nan Yaya ya fito da makaminsa, wata tukunya da ya sayo a wajen masu tsofaffin kaya a kasuwar Dakar ta nan Douala. Kokot ake ce mata, tukunyar ƙarfe ce mai murfin da ake murɗawa ya kulle, da ɗan usur a ka. Ya danna mata rabin rago har baki, ya murɗa murfi, ya ɗora ta a kan murhun itace, ya iza wuta kamar mai dafa giwa. Yana cikin farar riga da laƙtaye, agogo a hannu.

"Minti arba'in," ya ce. "Ku masu suya kuna yini a gaban kasko. Ku zuba ido."

Ba a jima ba tukunya ta fara usur. Ba ƙaramin usur ba, irin wanda ke shiga haƙori. Masu gwanjon da ke shimfiɗa kaya a bakin layinmu suka ɗauka 'yan kamen kasuwa ne suka zo, suka tattare riguna suka runtuma a guje, wani har ya bar takalmi ƙafa ɗaya. Yaya ko a jikinsa. Abin da ya dame shi daban ne.

"Tururi na guduwa. In ya gudu, bitamin na bin sa."

Ya ɗauko ƙusa da ɗan ƙyalle ya cusa a ramin usur ɗin, ya doka da dutse. Tukunya ta yi shiru. Ya waiwayo yana murmushi, yana jira a yaba masa. Inna ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki, ta ce a kira ta in an gama mutuwa. Ni ma na tuna ina da aiki a bayan randa.

Allah ya taimake shi ya shiga ɗaki ɗauko 'yar takardar likita don ya karanta mana shafi na uku. Yana sa ƙafa a ɗaki abin ya tashi. Ƙarar ta girgiza gidan har hoton bango ya faɗo. Mutanen layi, da ba su manta lokacin da aka rufe gari ana harba barkonon tsohuwa ba, kowa ya kwanta a inda yake. Murfin ya tsallake katanga ya sauka a kan rufin maƙwabciyarmu Hadija. Rabin ragon kuwa ya watsu a kan kwanon rufinmu, shirwa da kyanwoyin New Bell suka yi Sallar da ba su taɓa yi ba.

Hadija ta leƙo ta kan katanga, ɗankwali a hannu. "Lafiya, Musye? Juyin mulki ne?"

"Ƙaramin kuskure ne na fasaha," in ji Yaya, yana karkaɗe toka daga kafaɗa. "Tukunyar ce ba ta kai matakin girkin ba."

Mai hankali da nan ya tsaya. Yaya ya jawo babbar tukunyar biki, ya cika ta da ruwa, ya zuba sauran naman, ya bi shi da kabeji da karas. Ina gani ya ɗauki cinyar da aka ware ya sa mata wuƙa.

Na ce, "Yaya, cinyar Zaituna ce fa."

"Ni zan yi wa Hajja nata. Alhajinta ma jininsa na hawa, kowa ya sani. In ya ci wannan ya ji jikinsa sakayau, aikin biki ya zama namu, har da na suna in an haihu. Ke dai ba ki san talla ba."

Da ya sauke na ɗanɗana, don kada a ce ban yi masa adalci ba. Naman ya yi fari fat kamar an wanke shi da sabulu, ga tauri irin na silifa, romon kuwa ruwan zafi ne da ya taɓa gaisawa da kabeji. Na ce masa gaskiya. Ya ce harshena ne gishiri ya lalata.

Sai ya buɗe kwandon Zaituna ya fito da kwanukanta masu ɗigo uku, guda takwas, ya jera su. Na ce ta hana. Ya ce ba a kai wa manya abinci a roba. Ya zauna ya rubuta takarda da kabon, kwafi takwas, yadda suke yi a ofis: a ci abinci mara nauyi don a daɗe a duniya. A ƙasa ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa daga madafar Madam Zaituna ne, ya buga hatimi. Ya kira Awalu ya ɗaura masa kwanukan a bayan babur, ya miƙa masa littafi.

"Kowane gida a sa hannu an karɓa."

Awalu ya ce, "Abdu, abincin Sallah ne fa, ba sammaci ba."

"Tsari ke nan. Abin da ya hana mu ci gaba rashin tsari."

A al'adarmu kwano ba ya komawa gidansa wayam, sai an sa wani abu a ciki, soyayyen nama ko cincin ko goro. Bayan azahar Awalu ya dawo da kwanuka bakwai, ya ce na Hajja Mardiya an ce ya koma ya karɓa. Ya sauke su yana kawar da kai. Na buɗe na farko, kwalbar man gyaɗa. Na biyu, gishiri a ƙulle cikin takarda. Na uku, albasa huɗu da dunƙule. Na Hadija, rabin kwalbar manja, da saƙo: a ce wa Zaituna me ya sa ba ta faɗa ba, ai kowa ya san halin da ake ciki, ita ma da aka sallami mijinta sai da suka yi wata biyu suna cin dafa-duka babu mai.

Matan unguwa ba su karanta takardar Yaya ba, kwanon suka karanta. Sun ga rago ramamme, sun ga nama babu maiƙo babu gishiri a ranar Sallah, suka gama lissafinsu: gidan Musye Abdu ya durƙushe, kunya ce ta hana su magana.

Yaya na tsaye yana cewa jahilci ne, sai ga sallamar Liman. Ya shigo da wani abu a naɗe cikin ganyen ayaba, yana tafiya a hankali don kada a lura, rabin layi kuwa na biye da shi. Ya ja Yaya gefe ya rage murya.

"Abdurrahim, cinyar rago ce, daga kason mabuƙata da aka tara a masallaci. Ba abin kunya ba ne. Shekarar ce ta zo da haka."

Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta canza launi haka ba. Ya cire hannunsa daga na Liman.

"Mabuƙata? Ni? Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne, lamba gare ni a Yawunde. Rejim nake yi, tsarin cin abinci na likita. Rejim."

Wani tsohon akawu a cikin taron ya gyaɗa kai cikin tausayi ya ce, "Haka ne, Musye. Ni ma da abin ya same ni haka na riƙa ce wa mutane."

"Ina da mai. Ina da gishiri. Ku zo ku gani da idonku."

Ya ja su har ƙofar ɗakinsa, ya zaro makulli ya buɗe kabad da ƙarfi. Ashe girgizar da tukunya ta yi ta kifar da jarkar manja. Kwat ɗinsa uku, da fararen rigunan ofis, duk sun sha sun ƙoshi, manja na ɗiga daga hannun riga zuwa cikin takalmi. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, "Allah sarki, ɗan wanda ya rage musu ma ya zube."

Yaya ya ce a fita masa daga gida, a fita da cinyar sadaka, ko yunwa za ta kashe shi ba zai ci ba. Liman bai yi fushi ba. Ya naɗe ganyensa ya ce tana nan ƙofar masallaci har bayan la'asar, in babu mai so a ba wani.

Suna fita Awalu ya dawo da kwano na takwas, Zaituna kuma ta shigo a bayansa. Kwanon Hajja Mardiya ya dawo yadda ya tafi, ko cokali ba a sa ba sai sau ɗaya. Saƙon gajere ne: a gaida Zaituna, in hannunta ya gaji ta huta.

Zaituna ta dubi rufi, ta dubi tukunya, ta ɗaga kwanon ta ga ɗigonta uku. Ta ɗauki takardar ta ga sunanta da hatimi a kai. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a kan turmi, hawaye na zuba. Wallahi raina ya ɓaci, na ji kamar in ɗauki murfin kokot in ƙarasa aikin da bai yi ba.

"Baban Ikhlas, ragon bai dame ni ba," ta ce. "Shekara goma sha biyu ina tsaye gaban wuta kafin a san kwanon nan. Abu biyu na roƙe ka."

Yaya ya buɗe baki zai kawo shafi na uku. Inna ta fito daga ɗaki.

"Kai. Ɗauki kwanon nan ka je ka faɗa wa matar nan wanda ya dafa. In ba ka je ba, ni zan je, kuma zan fara labarin tun daga ranar da aka yaye ka."

Ya tafi, ni kuma na bi shi, don irin wannan ba a ba ni labari. Tsakar gidan Hajja Mardiya cike yake da mata, kasko uku na suya, ƙamshi har titi. Hajja na zaune a kujera tana rarraba nama. Yaya ya gyara laƙtaye.

"Hajja, an samu erreur ce a matakin service."

"Da Hausa, Musye. Ni ban yi boko ba."

"Wato, abincin da aka kawo, ba daga hannun da aka rubuta ya fito ba."

"Daga hannun wa ya fito?"

Mata suka bar suya suka juyo. Yaya ya dubi ƙasa. "Ni na dafa."

Dariyar da aka yi sai da wata ta ƙware da cincin. Hajja ba ta yi ba. Ta buɗe kwanon ta miƙa masa.

"Alhaji ya ci tsoka ɗaya, har yanzu yana ɗaki yana neman haƙorinsa na gwal. Ci mu gani."

Ya ɗauki tsoka ya sa a baki. Ya tauna ta dama, ya mayar hagu, ya dawo da ita dama. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Aka ba shi ruwa ya tura ta da ƙyar, idonsa ya yi ja.

"Ba nauyi," ya ce da 'yar muryar da ta rage masa.

"Na ji," in ji Hajja. "Ni ba sunan mutum nake ci ba, abinci nake ci. Hawa'u ta aiko nata tun hantsi, mun cinye har mun suɗe. In kafin magariba na ga kwanon da hannun Zaituna ya dafa, sai in gwada. In ban gani ba, magana ta ƙare."

Muka fito. Ran Sallah da yamma ina za ka samu ɗanyen nama a New Bell? Mahauta sun rufe suna gidajensu, maƙwabta kowa ya riga ya jefa nasa a kasko, don a zafin Douala nama ba ya jiran kowa. Namu rabi na cikin shirwa, rabi ya zama silifa. Yaya ya tsaya a tsakiyar titi, bensikin na kauce masa suna zagi. Na ga lokacin da ya tuna, don kafaɗunsa sun sauka.

An idar da la'asar, majalisar ƙofar masallaci ta cika maƙil, duk waɗanda ya shekara yana ba su labarin Bonanjo. Ganyen ayaban na nan a gefen Liman. Yaya ya yi sallama ya durƙusa, abin da ba ya yi saboda karin wando.

"Malam, batun cinyar nan."

"Wace cinya?"

"Wadda ka kai ɗazu."

"Af, ta mabuƙata. Ai amana ce, Abdurrahim, mutane suka ba ni don mai buƙata. Ba zan ba ma'aikacin gwamnati mai lamba a Yawunde ba. Kai mabuƙaci ne?"

Har mai jan carbi a majalisar ya tsaya. Ina daga nesa ina ganin gumi na bin wuyan rigarsa. Ya dubi hanyar gidanmu, ya dubi rana da ta fara karkata.

"Ni mabuƙaci ne, Malam."

Babu wanda ya yi dariya, shi ne ma abin da ya fi yi masa ciwo. Liman ya miƙa masa da hannu biyu ya ce Allah ya rufa asiri. Yaya ya rungumi cinyar nan a ƙirji, jini na ɓata farar riga, ya ratsa layi da sassarfa, mata na leƙe ta taga suna yi masa sannu.

Zaituna ta karɓa ba ta dube shi ba. Ta yanka, ta daka citta da tafarnuwa da masoro da daddawa, ta matsa lemun tsami, ta turara naman a ruwan jikinsa da albasar maƙwabta. Yaya na raɓe a bakin madafa yana leƙe. Ta zuba man gyaɗa cokali biyu ta rufe kwalba. Gishiri kuwa da yatsu uku ta ɗiba.

"Shi ke nan man?" ya tambaya.

"Shi ke nan."

"Amma ai wannan, wannan kusan rejim ne."

"Tun ranar da ka dawo daga asibiti haka nake dafa maka. Kana ci kana suɗe kwano kana ce min guba."

Ana gab da kiran magariba Awalu ya tashi babur da kwano a ɗaure. Muka zauna muna jira, ba mai magana sai cikin Inna da ke ƙugi, don duk gidan ba wanda ya ci abin kirki tun safe. Da Awalu ya dawo, tun daga ƙofa muka ga haƙoransa. Kwanon a wanke yake tas, cike da farin goro, an ce Zaituna ta je jibi a tsara abin da za a dafa, kuma Alhaji ya ce irin wannan yake so a yi masa nasa daban.

Zaituna ta ba Inna goro, ta ba ni, ta ba Awalu. Yaya ya gyara murya.

"A gaskiya in aka duba, dabarar tawa ce ta buɗe hanyar da..."

"Baban Ikhlas," ta katse shi, "saura gida bakwai da ke ganin ni na dafa abin nan. Gobe da safe za ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka faɗa musu wanda ya dafa. Da ƙafa, kuma da Hausa."

Ya dube ta, ya dubi Inna, ya dubi kwanukan da ke jere a gindin bango.

Ya ce, "To."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin Yaya ya ba da amsa mai gajarta haka ba.